Rabin Fuskar Oga Silas

Tun da na dawo daga Kumasi ban huta da tambaya ba. In na zauna wurin mai shayin bakin layinmu a Fagge, sai wani ya ce, "Tijjani, ya Gana?" In na tsallaka Sabon Gari na buɗe shago, maƙwabta su leƙo, su ma ya Gana. Har Malam Habu tela, wanda bai taɓa wuce Zariya ba, ya tsare ni wai in gaya masa ko da gaske ne can ana jana'iza da kiɗa. Kowa na ce masa lafiya lau, don ita ce amsar da ba ta da tsawo. Yau dai na ga gara in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya tambaya in miƙa masa in huta. Amma tun yanzu nake faɗa, mai neman labarin daɗi ya nemi wani matafiyin.

Sana'ata fenti: rubutun allon shago da zanen fuska. Kawunan nan da kuke gani a ƙofar masu aski, da yawansu hannuna ne. Wanda ya koya mini shi ne Oga Silas, Ibo ne, shagonsa a Sabon Gari. Mahaifina malami ne, bai so in yi sana'ar zana mutane ba, har sai da Oga Silas ya tako Fagge da ƙafarsa, ya cire takalmi a zaure, ya durƙusa ya yi alƙawarin ba zai taɓa hana ni tafiya salla ba. Bai taɓa hana ni ba kuwa. Shekara talatin da ɗaya muna tare, a shagon nan ya aurar da ni, a nan ya yi mini faɗa, a nan muka zauna muna kallon injinan buga hoto suna kwashe mana aiki ɗaya bayan ɗaya. Bara ya rasu.

Wata biyu kafin cikarsa shekara, matarsa Mama Nkechi ta aiko in zo. Za su yi masa addu'ar tunawa a cocinsu. Ta ce, "Tijjani ɗana, yara sun ce a kai wa inji ya buga. Na ce a'a. Hannun yaronsa nake so ya zana shi." Ta ba ni wani ɗan hoto da aka ɗauke shi a bakin ƙofar shago, haske ya bugi gefen fuskarsa na dama, na hagu yana cikin duhu. Na ce mata kada ta damu, aikin kwana uku ne.

Sau bakwai na zana shi. Kowane karo sai in sami kyakkyawan mutum, fes, mai sumul ɗin kumatu, wanda ban taɓa gani ba a duniya. Mutumin da na ci abinci kwano ɗaya da shi shekara talatin, na kasa fito da fuskarsa. Kunya ta hana ni bi ta layin Mama.

Ina cikin wannan hali na je Kantin Kwari rubuta wa wani Alhaji Mudi mai atamfa allo. A bangon shagonsa na ga zanen mahaifinsa, na tsaya da gwangwani a hannu na kasa motsi. Tsohon kamar zai yi tari. Alhaji Mudi ya ce wani dattijo ne a Kumasi ya yi, ana ce masa Papa Kwabena, kuma yana koyarwa. Shi ya haɗa mu a waya, shi ya ba ni sunan wanda zan sauka wurinsa. Na rufe shago na ce wa iyali sati uku zan yi.

Daga Sabon Gari na shiga babbar bas zuwa Legas. Maƙwabcina a kujera mai sayar da kayan gyaran babur ne, tun daga Kaduna yake ba ni labarin ciwon bayansa, bai gama ba har muka sauka. Na ɗauko fentina kala goma sha biyu a ƙananan gwangwanaye, don kada a ce mutumin Kano ya zo hannu rabbana. A Legas na buɗe jaka na tarar jan ya buɗe, ya bi ta kan farar shaddata ta Juma'a, ita kaɗai ce rigar kirki da na taho da ita. Wata mata da ke jiran mota ta leƙo ta gani ta saki ihu, ta ɗauka yanka ni aka yi.

Iyaka uku ake tsallakewa kafin Gana, kowace da nata layin da nata hatimin. A ɗaya daga ciki wani jami'i ya zazzage jakata ya ga burusai, ya tambayi sana'ata. Da na faɗa, sai ya juya wata takarda ya miƙo mini biro ya ce in zana shi ya gani. Direba na ta danna oda, fasinjoji na harara ta, ni kuwa na duƙufa. Mutumin baƙi ne mai faɗin hanci da ƙuraje a goshi. Cikin minti biyar na miƙe masa hanci, na share ƙurajen, na bar fuskar fara tas ba inuwa ko ɗaya. Ya yi ta dariya yana nuna wa abokan aikinsa, ya buga mini hatimi ya ce in sauka lafiya. Na koma mota ina jin kaina gwani.

A Kumasi na sauka a Zango, unguwar Hausawa, gidan Alhaji Seidu mai goro. Ɗakin da ya ba ni rabinsa huhunan goro ne, kullum da ƙamshin ɗanyen ganye nake tashi. Hausarsu ta ba ni dariya kwana biyu, daga baya na lura su ma tawa dariya take ba su. Alhaji Seidu ya ce kakansa daga Fagge ya zo, shi kuwa bai taɓa ganin Kano ba. Ya tambaye ni wata tsamiya da wata rijiya da kakan ke yawan ba su labari, ko suna nan. Wurin da ya kwatanta yanzu jerin shagunan waya ne. Na ce masa suna nan. Ya yi murna har ya sa aka ƙara mini nama.

Abinci kam ban sha wuya ba. Da safe akwai koko da ƙosai kamar gida, sai dai kokonsu yaji ne zalla, yana sauka yana ƙona hanya. Shinkafa da wakensu a ganye ake zubawa, a ɗora taliya, a barbaɗa garin rogo, a sa ƙwai, a zuba wani baƙin yaji, duk a wuri ɗaya kamar ana gudun kada wani ya rage a tukunya. Sakwararsu ce ta gagare ni. Wai ba a taunawa, haɗiya ake yi. Matar Alhaji ta kama ni ina tauna, ta kira maƙwabta su zo su ga Bakano.

Malam Habu, amsarka ita ce e, da kiɗa. Ranar Asabar garin duka jana'iza ne, mutane cikin ja da baƙin zane, rumfuna, ganguna, abinci. Gawa takan yi makonni ana shiri. Abin da ya fi tsaya mini shi ne hotuna. Kowace mahaɗar hanya akwai ƙaton allo da fuskar mamaci, wani ya kai tsayin bene. Mu da muke binne mutum kafin la'asar, ko hotonsa ba ma kafawa, sai na ga abin wani iri. Amma na tsaya na dube su da idon sana'a, na ga duk an goge su, an haska su, tsoho ɗan tamanin ba ko tamoji ɗaya. Ashe ba mu kaɗai ke haska fuska ba.

Papa Kwabena dattijo ne siriri, ya haura saba'in, tsohon malamin zane. A wata rumfar kwano bayan gidansa yake koyarwa, mu biyar ne ɗalibai. Turanci muke yi, nasa na makaranta, nawa na Sabon Gari. Ranar farko na jera masa gwangwanayena goma sha ɗaya da suka tsira, na nuna masa zane-zanen nan bakwai a waya. Ya duba ya duba, ya dubi ɗan hoton Oga, sannan ya kwashe gwangwanayen ya kulle a kabad.

Ya ajiye mini murfi uku. Ɗaya farin fenti, ɗaya baƙi, ɗaya ruwan toka. Ya ba ni burushi mai faɗin yatsa biyu, irin wanda nake shafe bangon allo da shi, da guntun kwali. Ya ɗora ƙwai ɗaya a kan tebur kusa da taga.

Na ce, "Papa, fuska na zo koya."

Ya ce, "Ƙwai."

Na ce shekarata talatin ina wannan aiki. Ya ce ya gani, shi ya sa ya ce ƙwai.

Darasin ba shi da wuyar faɗa. Ka ƙanƙance ido har abin da ke gabanka ya dushe, ƙananan abubuwa su ɓace, ya rage sai fili-fili. Sai ka tambayi kanka abu uku kawai: ina haske, ina duhu, ina tsaka-tsaki. Kowane fili ka ba shi ɗaya daga murfin nan uku. Ba a zana layin gefe, ba a gauraya fenti a kan kwali, ba a gyara. Minti ashirin ya buga cokali a kofi, a jefar da kwalin a ɗauki wani.

Ni kuwa hannuna bai san wata hanya ba sai a fara zagaye abu da baƙin layi sannan a cika ciki da kala. Haka ake allon shago, don mai wucewa a kan babur ya gane daga nesa. Kafin in ankara na zagaye ƙwan. Papa ya ɗauki ƙwan gaske ya kawo dab da hancina ya ce in nuna masa layin da ke jikinsa. Na sake, na sake zagayewa. Akwai wata Sista Abena a cikinmu, ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, ba ta taɓa riƙe burushi ba sai bana. Kwana biyu ƙwanta ya tashi daga kwali kamar ka ɗauka ka fasa. Nawa kwana shida yana kama da faranti. Ta riƙa ba ni haƙuri tana ba ni soyayyar ayaba, abin ya fi zagi ciwo.

Daga ƙwai muka koma buta, daga buta muka koma tulin lemo. Na daina layi, amma Papa ya gano wata cutar da ta fi ta. Ya jera kwalayena a ƙasa ya ce in duba murafuna. Farin ya ƙare sau huɗu, ruwan tokan sau biyu, baƙin kuwa har ya yi fata a sama don ban taɓa shi ba.

Ya ce, "Me baƙi ya yi maka?"

Na yi masa bayani. A wurinmu duk wanda ya kawo hoto, maganarsa ta farko ita ce, ka ɗan haska ni. Amarya, ɗan takara, mai gidan burodi, duk ɗaya. In ka sa inuwa a gefen hanci sai a ce ka shafa masa gawayi, in ka sa a ƙarƙashin ido a ce ka mai da shi mara lafiya. Oga Silas da kansa ya koya mini haka. Yakan ce ba wanda ke zuwa shago sayen inuwa.

Papa ya ce, "Ogan naka ya ciyar da iyalinsa, ban ga laifinsa ba. Amma kamannin mutum a inuwarsa suke. Ka cire ta, ka cire shi."

Ranar ban ci abincin rana ba. Na zauna a bakin kwata a bayan rumfar ina lissafa fuskokin da na zana tun ina saurayi, ɗaruruwa, ashe ko ɗaya ba mai ita ba ce. Na tuna jami'in iyaka yana dariya da hoton wani mutum daban. A shekara hamsin da biyu aka gaya mini ban taɓa kallon kowa ba. Wallahi da ina da ƙarfin hali da na haɗa kayana a ranar.

A sati na uku ya ce in kawo hoton Oga. Na ƙanƙance ido na ga abin da ya kamata: gefen hagu duka, daga goshi har haɓa, fili ɗaya ne na baƙi, idon ma ya nutse a ciki. Na tsoma burushi a baƙi, na kai kusa da kwali, hannuna ya ƙi. Sai na ga kamar zan watsa wa maigidana ƙasa a fuska. Na wanke na ɗebo ruwan toka. Sau uku ina haka.

Papa bai yi faɗa ba. Ya zo ya cire hoton daga inda na maƙala shi, ya juya shi kai ƙasa, ya mayar. Ya ce, "Yanzu ba ogan kowa ba ne. Fili uku ne. Minti ashirin."

Da hoton ya juye sai fuskar ta tafi. Na ga wani baƙin fili mai kama da taswira, wani fari mai lanƙwasa, da ɗan toka-toka tsakaninsu. Na shafa su yadda na gan su, ba tare da na san ina ne hanci ina ne baki ba. Cokali ya bugi kofi. Papa ya ɗauki kwalina ya juya shi daidai, ya jingina a bango, ya ja ni baya taku biyar.

Oga Silas ne. Ba ido a zane, ba gashin baki, ba komai sai shafe uku na burushin bango, amma shi ne, yadda yake ɗaga kai daga aiki in na makara ya dube ni ta gefe. Ban san lokacin da na ce "Oga" da ƙarfi ba. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka tafi da gawarsa garinsu. Sista Abena ta kore sauran waje.

Kwana huɗun da suka rage na yi shi a kan falanki mai kyau. Papa ya yarda na ƙara murfi biyu, toka mai haske da toka mai duhu, suka zama biyar. Ya ce kala sai na dawo wata shekara. Ranar tafiya ya buɗe kabad ya mayar mini da gwangwanayena. Na naɗe falankin a cikin shaddar nan da ta ɓaci, na rungume shi a cinya tun daga Kumasi har Kano, ban yarda an sa shi a but ɗin mota ba. A kowace iyaka sai an buɗe an gani. Wata jami'a ta daɗe tana kallo ta ce, "Babanka ne?" Na ce e.

Saura kwana biyar addu'a na isa. Ko gida ban je ba, daga tasha na wuce wurin Mama Nkechi. Na jingina shi a kan kujera a falo na yaye shaddar.

Ta dafa bango. Ta kira sunansa a hankali, yadda ban taɓa jin ta kira shi ba, ta zauna. A raina na ce alhamdulillahi, tafiya ta yi kyau.

Sai ta ce, "Tijjani, rufe shi."

Na rufe.

Ta ce, "Shi ne. Ban ce ba shi ba ne. Amma ba zan iya kwana gida ɗaya da wannan ba, kallona yake yi. Kuma 'yan'uwansa za su zo daga gida, mutanen coci za su zo. Su ga rabin fuskarsa a duhu? Za su ce me muke nufi, mutumin da bai taɓa cutar kowa ba. Ka haska shi, ɗana. Ka yi masa irin wanda kuka saba."

Na ce, "Mama, in na haska shi zai tafi."

Ta ce, "Ai ya riga ya tafi."

Mijinta ne, falonta ne, kuma ita ta zauna da rashin, ba ni ba.

Na kai shi shago. Da farko na ɗauki sabon falanki don in bar wancan yadda yake, na yi na takwas irin na da, ya fito baƙo kamar 'yan'uwansa bakwai. Kwana biyu suka tafi a haka. Sai na yi wa kaina dabara, na ce bari in ɗan taɓa na Kumasi kaɗan, tunda kamannin na ciki, in ɗaga inuwar, wato in haska ta, taki ɗaya kawai. Na ɗaga. Gefen ya yi haske sai ƙarƙashin ido ya zama kamar rauni, na ɗaga shi ma. Sai gefen hanci ya fito zaƙau, na bi shi. Ina sane da abin da nake yi, wannan ne bambancin. Da can ban sani ba, ina yi ina fito. Yanzu kowane shafe ina ganin abin da yake ɗaukewa, ina ci gaba. Wajen la'asar na ja baya taku biyar na duba. Kyakkyawan mutum ne, fes, mai sumul ɗin kumatu.

Na je addu'ar, na zauna a baya. An kafa shi a gaba an zagaye da furanni. Mama ta riƙe hannuna biyu ta yi ta sa mini albarka, ta ce yanzu ya huta. Mutane suka yi ta ɗaukar hoto da shi. Ba wanda ya yi kuka a gabansa, kowa cewa yake ya yi kyau.

To, kun ji yadda Gana take. Hanya da nisa, mutanen kirki ne, yajinsu da zafi. Masu cewa tafiyar ta karɓe ni ba su yi ƙarya ba, don kafin a watse a cocin nan mutum uku suka tare ni, kowa da hoton mamacinsa a waya, kowa ya nuna na Oga ya ce irin wannan sak yake so. Na karɓa duka ukun, ina da iyali. Jiya na shiga kasuwa na sayo farin fenti galan guda, gobe da safe zan fara na farko.